Akwatin Masu Lafiya

A ɗakin binciken Farfesa Kizilbash, a wata jami'a da ke Lahor, ba a shiga a fita da jini cikakke. Jinin marasa lafiya ba ya wuya, asibitin zuciya na tsallaken titi, kullum cike yake har baranda. Jinin mai lafiya, wanda za a ajiye a gefe a riƙa gwadawa da shi, shi ne aiki. Wa zai baro harkarsa da sassafe, ko shayi bai sha ba, ya zo ya miƙa hannu a zuƙe shi a banza? Shi ya sa ɗalibai suke ɗibar na juna, in sun gaji su koma kan 'yan gidansu. Nuzhat kuwa, ɗaya daga cikin manyan ɗaliban, mijinta Tausif ta samu.

Tausif malamin wasanni ne a makarantar maza ta unguwarsu. Dogo ne siriri, ba ya shan taba, ba shi da tumbi, jijiyoyin hannunsa ɓaro-ɓaro kamar igiyar shanya. Duk farkon wata zai goyo ta a babur, ya shigo yana naɗe hannun riga, yana tsokanarta da laƙabin girmamawa.

"Dakta Sahiba, a bi a hankali, wannan jinin ba irin na kowa ba ne."

"Dunƙule hannu ka rufe min baki."

Sai ya juya wurin Mahwish, ƙaramar ɗalibar da take taya Nuzhat aiki. "Ke dai ki ji tausayin ɗan mutane, kar ki yi aure. Wasu matan albashi suke tatsa, tawa jini."

Ladansa shi ne karin kumallo a bakin titi: halwa da puri, man shanu na bin yatsu. Nuzhat ce take saya masa, ta zauna tana kallo yana sharɓa, har ta ce a ƙaro masa. Daga nan ta koma ta juya jinin a inji, ta tsiyaye ruwan nan mai ɗorawa-ɗorawa a 'yan ƙananan kwalabe, ta jera su a firiza cikin akwatin da aka rubuta wa "masu lafiya".

Abin da take bi wani ɗan mitsitsin furotin ne da yake yawo a jikin kitsen da ke cikin jini. A nan garin mun saba: mutum yana da shekara arba'in, an auna kitsensa an ce lafiya lau, bayan wata guda a kai shi makwanci. Nuzhat tana neman alamar da za ta yi gargaɗi tun kafin a kai ga haka. Na'urar da take aiki da ita tana farfasa furotin ta auna, ta zana layuka a fuskar kwamfuta. A jinin duk wanda jijiyar zuciyarsa ta toshe, akwai wani layi da yake miƙewa tsaye zangal. Ranar da ta fara ganinsa, da gudu ta haura bene wurin Farfesa, gyalenta na jan ƙasa.

Murnar ba ta kwana biyu ba. Da ta sa jinin Tausif, sai ga layin nan a tsaye.

Farfesa ya zare tabarau ya murza ido. "'Yata, mutumin da yake tsere da yaran sakandare yana barin su a baya? In har yana da shi, to ba alamar ciwo ba ce. Ko datti ne a na'ura, ko kuma kowa ma yana da shi."

Na'urar nan guda ɗaya ce tak a jami'ar, sai an yi layi, in juyinka ya zo kuma ba ka samun gurbi da yawa. Don haka kullum takan cika guraben da jinin marasa lafiya, ta bar ɗaya na mai lafiya, kuma dokar Farfesa ce a riƙe mutum guda kar a yi ta canzawa. Ta wanke na'ura, ta sauya sinadarai, ta zargi ruwa, ta zargi wuta, ta zargi Mahwish har yarinyar ta yi kuka. Shekara biyu ana abu ɗaya. A gida in ranta ya ɓaci takan ce wa Tausif, "Jininka ya kashe min aiki." Shi kuma ya daki ƙirji ya ce ai ya faɗa mata, ba irin na kowa ba ne.

Da ta gaji, sai ta yanke shawarar rufe maganar. Sababbin ɗalibai sun shigo an ɗebi nasu kamar yadda aka saba, sai ta ce bari ta zuba su gaba ɗaya a juyinta na ƙarshe, ta rubuta cewa kowa yana da layin, ta huta. Ta haɗa da nata, ta haɗa da na Farfesa.

Babu layin a jinin ɗalibi ko ɗaya. Babu a nata. Kai, babu ko a na Farfesa, mai shekara sittin da tumbinsa. Na Tausif ne kaɗai.

Hannunta na rawa ta buɗo tsofaffin sakamakonsa, ta jera su wata bayan wata. Layin ba tsaye kawai yake ba, ƙaruwa yake yi. Yanzu ya wuce na wasu da ta ɗebi jininsu suna kwance da robar iska a hanci.

Mahwish, wadda take ce mata Baji, wato yaya, ta leƙo ta kafaɗarta. "Baji! Ai ya yi! Aikinki ya yi!" Sai ta karanta sunan da ke saman shafin, ta toshe baki.

Abu biyu ne, ba na uku. Ko aikin da ta ba shekarun ƙuruciyarta shirme ne, ko kuwa mijinta yana tafe da ajalinsa a ƙirji. A sallar azahar ɗin ranar, a lungun da ke bayan firiza, Nuzhat ta roƙi Allah da hawaye Ya sa aikinta shirme ne.

Ta tarar da shi a tsakar gida yana cin paratha, gurasar nan da ake soyawa, Ammi, mahaifiyarsa, tana shafa wa na gaba man shanu. Ta faɗa musu dalla-dalla. Tausif ya yi dariya har ya ƙware.

"Da jinina ya kashe miki aiki, yanzu kuma aikinki zai kashe ni? Dakta Sahiba, a tsaya wuri ɗaya mana."

"Ba wasa nake yi ba. Ƙirjinka yana yi maka nauyi?"

"Iska ce. In na ci wake da yawa."

"Tun yaushe?"

Ya kalli faranti. Ammi ce ta amsa, tana harararta. "Gadon gidansu ne, ubansa ma haka ya yi fama da iska. Lemon kwalba da ɗan baƙin gishiri, ya yi gyatsa, shi ke nan. Ki daina yi wa ɗana mugun baki, kin tsotse shi ya zama tsinke bai ishe ki ba?"

"Ammi, Abbu yana da shekara nawa ya rasu?"

"Arba'in da 'yan kai. Iskar ce ta taso masa ta danne numfashi, Allah Ya jiƙan sa."

Shekara tara Nuzhat tana gidan nan, tana jin labarin iskar Abbu, tana gyaɗa kai. Ita da take yini cikin jinin masu ciwon zuciya! Har lemon da gishirin, sau nawa ta haɗa wa Tausif da hannunta? Ta ji ta tsani kanta, tsana mai tsanani.

Da kuka da fushi da ƙin cin abinci ta ja shi asibiti. Aka auna kitse, lafiya lau. Aka manna masa wayoyi a ƙirji, lafiya lau. Aka ɗora shi a injin gudu, ya yi ta zabgawa yana tambayar ma'aikaciyar ko iyakar saurin ke nan. Likitan, wani dattijo mai kirki da ya san Farfesa, ya duba takardun da Nuzhat ta baje masa, ya tura mata su a hankali.

"Malama, aikinki yana da ban sha'awa. Amma ko bugawa ba a yi ba, ba wanda ya tabbatar da shi. Ba zan zura wa lafiyayyen mutum waya har zuciya ba saboda layi ɗaya. Ita ma wayar tana da nata haɗarin."

"To a ba shi magani."

"Na me? Nuna min abin da zan rubuta."

Da ƙyar ya yarda a yi hoton jijiyoyin, irin wanda ba a zura komai. Tausif ya ce ya ji, amma sai bayan gasar wasannin makarantu, yaransa sun kai zagayen ƙarshe, ba zai bar su ba.

"Gobe," in ji Nuzhat.

"Haba, uwar Hurain. Sati uku ne fa. Shekara biyu ina yawo da layinki ban faɗi ba."

Ba da wata manufa ya faɗa ba, amma maganar ta soke ta. Ta ɓoye tulun man shanu, Ammi ta aiki maƙwabciya ta sayo wani. Ta sayo ƙwayoyin rage kitse da na tsinka jini ba da takardar likita ba, yana karɓa ya ce zai sha a makaranta. Ta koma ba ta iya barin sa ya hau bene ba ta bi shi da ido ba. In yana wasa da Hurain, 'yarsu mai shekara shida, yana cilla ta sama, sai ta daka masa tsawa ya sauke ta. Yarinyar ta fara gudun uwarta.

Ana saura kwana kaɗan gasar, da hantsi, yana tsakiyar fili da usur a baki, ya ce wa wani malami iska ta taso masa. Ya zauna a benci, ya aika a sayo lemo da gishiri. Kafin a dawo da lemon ya zame ƙasa. A keke mai ƙafa uku aka kai shi asibitin nan na tsallaken titi, Nuzhat tana ɗakin bincike, tsakaninsu bai fi a ƙwala kira a ji ba. Ko da ta iso an riga an ja masa mayafi. A aljihun jakarsa ta tarar da ƙwayoyin, ko ɗaya bai ɓalla ba.

Ammi ba ta zage ta ba. Da ma ta zage ta, da ya fi sauƙi. A cikin masu zaman makoki ta kamo hannunta ta ce, "Ke kin gani, 'yata. Tun yaushe kika gani?" Tambaya ce tsakani da Allah, ba gori ba. Nuzhat ta buɗe baki, ta kasa cewa shekara biyu.

Bayan ta fita takaba ta koma aiki, don zaman gidan ya fi ƙarfinta. Farfesa ya kira ta ofis, ya sa aka kawo shayi, ya yi ta'aziyya har idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya yi ta juya kofi a kan faranti.

"Ban san yadda zan faɗa ba, 'yata. Ni na ce miki datti ne, ina sane. Amma abin da ke cikin firizar nan, ba na jin akwai mai irinsa. Jinin mutum guda, wata bayan wata, tun yana lafiya har... Su marasa lafiyar, bayan sun faɗi muke samun nasu. Wannan kuwa kafin. Shi ne hujjar da ba mu da ita. Zai iya ceton wasu."

"Na sani, Sar."

Ta sani ɗin. Abin da ya fi ci mata rai ke nan: tun tana kan tabarmar takaba kanta ya riga ya tsara yadda za a rubuta sakamakon, kuma ta kasa hana shi.

Ta sauko ta tarar da Mahwish a gaban firiza da safar hannu, ta fito da akwati biyu tana ta kallon su. Yarinyar ta yi ta inda-inda.

"Baji, ana gyaran jeri ne... Na Yaya Tausif, a ina zan sa su?"

"Ba ni."

Nuzhat ta buɗe akwatin masu lafiya. Ga su nan a jere, rubutun hannunta a jikin kowace kwalba. A kan ɗaya, ta watan da Hurain ta shiga makaranta, ya karɓi alƙalamin ya zana ɗan mutum mai ƙwanji. Ba ta sa safa ba. Sanyin ya kama yatsunta kamar wuta, ba ta saki ba. Ta riƙa ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya tana mayarwa akwatin marasa lafiya, tun daga ta farkon.