Inda Manzo Zai Tsaya

Shekara ashirin da shida Manzo ya yi yana gyaran jiragen soja kafin ya dawo Madawa ya kama noman albasa. A ƙungiyar tsofaffin sojojin garin, shi kaɗai ne sojan sama.

Saura kwana uku bikin Jamhuriya, shugaban ƙungiyar, Ajidan Alƙasim, ya iske shi a garka yana ban ruwa.

"Malam Manzo, bana layi guda za mu yi ga defile, wato faretin biki. Ba a ware ma mutum guda wuri. Ni ban ma ga amfanin raba soja biyu ba. Jirgi ai mu na ƙasa yaka yi ma aiki. A miƙa ma kumandanmu jiragen, kowa shi huta."

Manzo ya toshe bakin ruwan da ƙafa, ya zauna bisa kunya.

"Ajidan, wata shekara can arewa anka kawo muna masu rauni goma sha ɗaya. Rana ta take, filin tashi gajere. Na auna, na ce jirgi bai ɗagawa da fiye da bakwai. Kumandan na ƙasa ya ce in ɗora su duka, har yana dafa bindiga. Da ƙarƙashinai nike, dole in bi, mu ƙare gaba ɗaya bakin fili. Amma shugabana matuƙi ne, ya san halin iska. Shi ya tsaya mani."

"Sauran huɗun fa?"

"Sun jira sawu na biyu. Awa uku. Guda bai kai ba. Lurwanu, ɗan Urno."



"Wanga jira na san shi," in ji Alƙasim. "Ka kira sama, su ce sai sun tambayi nasu manya. Kai kana auna jirgi, mu muna riƙe da kan mutum."

 Har yau Manzo yana ganin ya yi daidai, amma bai taɓa iya faɗin haka da ƙarfi ba.

Ranar biki ya shiga layinsu, can ƙarshe, da hularsa ta sojan sama.  Da aka watse, Alƙasim ya tambaye shi ko ya taɓa zuwa gaida iyayen Lurwanu. Ya ce a'a, ya sha niyya dai.

Ran Juma'a suka hau babur zuwa Urno. Uban ya rasu, sai uwar, Kaltuma, wadda idonta ya fara dushewa. Ta sa aka dama musu fura, ta saurari Manzo har ya gama, bai rage kome ba.

"Ya yi magana?" ta tambaya.

"Ruwa ya roƙa, Inna."

"An ba shi?"

"Ni na ba shi."

Ta gyaɗa kai, ta ce su sha furar kafin ta yi tsami.