Nonon Mama Neme

"Tun da aka halicci duniya, nonon uwa bai taɓa cutar da ɗa ba," in ji Maestro Abelardo. Yana tsaye a ƙofar ɗakin mara lafiya, hannunsa a ƙirji kamar mai rantsuwar kama aiki. Shekara talatin ya yi yana koyar da kimiyya a wata sakandare ta garin Tumaco da ke bakin teku, kuma bai ga dalilin da zai sa ritaya ta rufe masa baki ba.

"Malam, ka tare min iska," in ji Mama Neme daga gado.

Ya matsa gefe, ya ci gaba daga can.

'Yarsa Marleny na zaune a bakin gadon da jariri ɗan kwana goma sha biyu. Ruwan teku ya cika a ƙarƙashin gidan, wanda ke tsaye kan turaku, haskensa na rawa a jikin kwanon rufi, har ɗakin ya zama kamar kwalekwalen da aka manta ba a ɗaure ba. Tsohuwar na kallon hasken. Shekara ashirin ke nan da ƙafafunta suka fara sandarewa. Da fari sanda, daga baya sanda biyu, sannan kujera, yanzu gado da zazzaɓin da ya ƙi sauka. Ta ce a 'yan kwanakin nan ƙafafun kan tafi tsintar ƙumba cikin taɓo su kaɗai, su dawo mata da sanyi.

Ranar da aka haifi Marleny uwarta ta rasu. Asibiti suka ba da madarar gwangwani, Maestro ya mayar musu da ita haɗe da wasiƙa mai shafi uku. Ya ɗauki jaririyar, ya taka katakon da ya haɗa gidansa da na maƙwabciya, ya miƙa wa Nemesia, wato Mama Neme, wadda ke goyon nata a lokacin. Bayan Marleny an kawo wasu. Goma sha ɗaya ta shayar ban da nata biyu, ladanta kifi da kwakwa da yabon Maestro.

Abin da Maestro bai sani ba yana cikin jakar 'yarsa, takarda ce a ninke huɗu. Tana da ciki wata bakwai likitar da ke duba Mama Neme ta tambaye ta nonon wa ta sha, sannan ta ɗebi jininta.

"Kina ɗauke da cutar Mama Neme. Ƙwayar cutar a cikin fararen ƙwayoyin jini take ɓuya," in ji likitar ranar da sakamako ya fito. "Su ne masu gadin jiki. Sai ta shiga rigar wasu daga cikinsu. Sauran su bi su da gudu har cikin lakar baya, su yi ta faɗa a can. Ɓarawon ba ya kamuwa, gidan ne ke ƙonewa."

"Ni ma zan gurgunce?"

"Cikin ɗari, 'yan kaɗan ne. Yawanci har su tsufa ba su san tana nan ba. Amma ta nono take wucewa. Wannan yaron kada ya ɗanɗana naki."

Marleny ba ta gaya wa kowa ba sai mijinta, shi kuma yana teku. Duk sanda uban ya leƙo gidanta sai ta ce yanzu yaron ya ƙoshi. Abu ɗaya ta ƙudura: tsohuwar nan za ta tafi ba ta sani ba.

"Gani ya kori ji," in ji Mama Neme. "Ba shi ya sha in gani. Na ga rigarki ta jiƙe tun shigowarki."

"Yanzu ya sha, Mama."

"Shi ya sa yake cin hannunsa? Ke da ƙarya tun kina rarrafe ba ki iya ba."

"Ba shi mana," in ji Maestro. "Wannan gado ne, daga ƙirji zuwa ƙirji. Zan juya baya."

Ya juya, yana duban teku kamar shi ya ba shi izinin cika. Marleny ta yafa babban mayafi, ya rufe ta da yaron har gwiwa. A ƙarƙashinsa ta lalubo bulumboti daga jaka, ta sa masa a baki. Yaron ya kama.

Mama Neme ta lumshe ido tana murmushi. Ɗakin ya yi shiru, sai ruwa na lasar turakun gidan da sautin tsotso. Can sai wani ɗan siririn fito ya biyo baya, irin na iska idan tana shiga kwalba. Murmushin bai tafi ba, tsayawa dai ya yi wuri ɗaya.

"Malam," ta ce, "ƙanƙara nake so. Ta wajen Eulogio, ba ta kusa ba."

"Ai da nisa."

"Kai ke da ƙafa."

Suka ji takunsa a kan katako har ya ɓace.

"Ɗaga gindin kwalbar," in ji tsohuwar, idonta a rufe. "Iska yake haɗiya. Anjima zai hana ki sakat."

Marleny ta ɗaga. Fiton ya tsaya. Tsohuwar ta dafa ƙirjinta.

"Nawa ne?"

"Likita ta ce nawa nonon ne bai da ƙarfi."

"Marleny. Ni na gina ƙirjin nan. Na ji 'yan asibiti na raɗa tun bara, na ɗauka da wata suke." Ta buɗe ido. "Nawa ne?"

Marleny ta gyaɗa kai. Ta jira kuka, ko salati, ko a juya mata baya. Tsohuwar dai ta ɗaga hannu sama, cikin hasken da ke rawa, tana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Leɓunanta na motsi. Ta kai ƙarshen hannun, ta sake farawa.

"Mata shida," ta ce. "Dominga ta riga ta yaye uku, sai dai Allah. Amma Luz Dary ciki gare ta, tana Cali. Ki neme ta. Ki nemi sauran, mazan ma. Ki ce ni na aiko ki, kada su ji a bakin asibiti."

"To, Mama."

"Da yunwa kuka zo min. Dukanku."

"Na sani."

"Ban ce ki sani ba, faɗa nake yi." Ta lumshe ido har Marleny ta zaci barci ne. "Ubanki kuwa, ƙyale shi. Maganar nan ita kaɗai ya tara a duniya."

Da Maestro ya dawo, ƙanƙarar ta zama rabi. Ya tarar da yaron na barci a kan ƙirjin tsohuwar, ya ce da ma da mai hoto.

Bayan kwana biyu Mama Neme ta rasu, da la'asar, ruwa na janyewa. Ta ce wa matar da ke jinyarta a miƙo mata kwandon ƙumba, kafin matar ta gane wasa ne ko gaske an gama.

Washegari gidan ya cika har katako na kuka. Mata suka yi waƙoƙin rakiya, aka zagaya da kofi. Da suka tsaya shan iska Maestro ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya zaro takarda mai shafi uku. A aljihun Marleny ma akwai takarda, mai sunayen sauran goma sha biyun da suka sha nonon, ta soke biyu da ta gaya wa da safe.

Ƙirjinta ya yi tauri kamar dutse. Ta ba wata maƙwabciya yaron, ta ɗauki kofin silba ta zaga bayan gida, inda ake wanke-wanke. Muryar ubanta na ratso bangon katako, tana hawa tana sauka, mutane na amsawa. Ta tsuguna ta tatse, dama sannan hagu, har kofin ya kusa cika. Da ɗuminsa. Ta miƙa hannu ta tuntsurar da shi a ruwa.

Farin ya bazu a hankali cikin ruwan ƙasa-ƙasa, ya yi kamar gajimare. Ƙananan kifaye suka taso suna dubawa. Ta ɗauraye kofin, ta mayar da maɓallan rigarta, ta zauna tana jiran a gama yi wa ubanta tafi.