Idon Yunusa

Ni da Yunusa tare muka bar Azare muka shiga soja, tare aka kai mu Darfur aikin kiyaye zaman lafiya. An raba mana tabaran kare ido, masu kauri. Ni na ɗaura nawa. Shi kuwa gogan naka ya ce zufa suke tara masa, ya tura su saman hula. Ranar da aka yi mana kwanton ɓauna, ɓarɓashin ƙarfe ya shige masa idon dama. Ya kai hannu zai murza, na danne hannun da gwiwata, na yanke gindin kofin roba na kifa a kan idon, na naɗe har muka isa wurin likita.

To, zo ka ga ikon Allah da muka dawo gida! Ni da na bi doka na dawo lafiya lau, ko sannu ta kirki ban samu ba. Yunusa mai taurin kai shi ne gwarzo. Daga Giade, daga Sakwa, ana ta zuwa dubiya da kaji.

Kajin ba su dame ni ba. Rukayya ce damuwata. 'Yar maƙwabtansu ce, tana karatun aikin jinya, na daɗe ina sonta ban furta ba. Kuma ni da bakina na ce a kira ta ta riƙa ɗiga masa magani, don hannun Goggo, mahaifiyarsa, yana rawa. Wai dabara na yi, in riƙa ganinta kullum. Ina zaune za ta tallafi haɓarsa, ta ce, "Yaya Yunusa, kar ka motsa." Wallahi ji nake kamar an watsa mini barkono a ƙirji.

Wata Laraba Goggo ta dawo daga Katagum da 'yar kwalba. Nonon mai jego ne, in ji ta, da shi aka wanke idon kowa a gidansu. Lokacin Rukayya tana makaranta. Likita kuwa ya ja mana kunne, idon da aka ɗinke in wani abu ya shiga ban da maganinsa, zai ruɓe. Goggo ta tsiyaya a cokali, ta ɗaga bandejin. Raina ya ce mini, Gali, yi shiru, ina ruwanka? Cokalin ya kusa isa, sai na ga hannuna ya kaɗe shi.

"Kai, Gali! Ni ka doke wa hannu?"

"Yi haƙuri, Goggo. Makantar da shi za ki yi."

Ta zage ni tas, ta haɗa da kakannina.

Idon ya warke. Ranar da aka cire bandejin a asibiti muka fito tare, Rukayya tana tafe a gabanmu, shi kuwa yana ta kalle-kalle kamar baƙauye. Ya kama kafaɗata.

"Gali, sai yau na ƙare wa Rukayya kallo. Ashe haka take? Ba ni da wanda ya fi ka. Kai za ka fara yi mini magana da yayanta."

Na dubi idon nan, tangararau, yana ƙyalli.

"Yaushe?" na ce.

"Yau, bayan La'asar."