Agogon Baba Labbo

Armiya'u na tsakiyar ɗinkin wuyan wani kaftani Baba Labbo ya faɗo shagon, ko sallamar bai ƙarasa ba. Hula a karkace, waya a hannu, yana haki yana dariya.

"Gero ya nuna, Armi. Malami ya kira ni yanzun nan. Ya ce hanya ta yi sauƙi, mutane na shiga suna hita. Ranar kasuwar Shinkafi zan tahi gida, kuma kai za ka raka ni."

Malami ƙaninsa ne, yana cikin 'yan tsirarun da suka koma ƙauyensu da ke gaba da Galadi bayan 'yan bindiga sun tarwatsa garin. A shekarar tarwatsewar ce Baba Labbo ya zo Kaura Namoda da matarsa Inna Gimbiya, suka kama hayar gidan da ke jikin shagon Armiya'u. Manomi ne da aka raba da gona, sai ya koma tufkar igiya a ƙofar gida, kuma duk wanda ya tsaya saye sai ya ji labarin gonarsa ta bakin fadama. Bana Malami ya yi ƙarfin hali ya shuke ta, Allah kuma ya ba da ruwa.

Armiya'u ya ɗage ƙafa daga keke ya taya shi murna, sannan idonsa ya sauka kan baƙin agogon da ke hannun tsohon. Baba Labbo ya ga inda ya duba. Nan take ya kwance agogon, ya kamo hannun Armiya'u ya ɗaura masa.

"Riƙe mini shi. Kai zucciyarka lahiya lau take, su saurari taka."

Agogon ya zo ne ta hannun Nusaiba, 'yarsa da ke aiki a Kaduna. Ta saka iyayenta cikin inshorar lafiya ta wurin aikinta, kamfanin inshorar kuma ya ba tsohon agogon kyauta, da sharaɗin ya riƙa kwana yana tashi da shi. Da nasa layin waya ya zo, yana auna bugun zuciya, yana sanin barci da tafiya, yana aika komai can ofishinsu, Nusaiba ma tana gani a wayarta. Makon farko unguwar ba ta da wata hira sai tasa. Bayan La'asar tsofaffi kan jeru a majalisa kowa na miƙo hannu a gwada shi, Baba Labbo na ɗaurawa yana kwancewa kamar wani likita, yana sanar da wanda zuciyarsa ta fi ta kowa sauri, a yi ta sheƙa dariya.

Daɗin ya ƙare wata safiya da jiri ya ɗebe shi a hanyar dawowa daga kasuwa. Ya dafa bango har abin ya wuce, ya shiga gida bai gaya wa kowa ba, ko Inna Gimbiya. Bai gama shan ruwa ba Nusaiba ta kira tana kuka. Wata ma'aikaciyar kamfanin ce ta buga mata ta ce zuciyar mahaifinta na tsallake bugu, a kai shi asibiti, kuma za su sake duba matsayinsa in lokacin sabunta inshorar ya yi. Aka kai shi, aka ba shi magani, Nusaiba ta kafa dokoki: ba goro, ba fartanya, ba tafiya mai nisa. Tun daga ranar in ya kasa barci da safe za ta tambaye shi dalili. A majalisa kuma Sagir mai cajin waya ya ce agogon har inda mutum yake yana nunawa, ba wanda kuma ya san ko mutum nawa ne ke gani. Ba wanda ya sake miƙo hannu.

Armiya'u bai so ya karɓa ba. Tun Nusaiba na makarantar sakandare take ce masa Yaya, kuma shi ta damƙa wa amanar tsohon. Amma ya dubi fuskar Baba Labbo, rabon da ya gan ta haka ya manta, sai ya ja hannun riga ya rufe agogon.

Shirin tafiyar ya cika gidajen biyu. Inna Gimbiya ta san komai, ta ce tun da aka kawo ta gidan mutumin nan ba ta taɓa iya hana shi zuwa gona ba. Ta daka yaji, ta ƙulla daddawa da sabulu da sukari na matan Malami, ta saka ƙwayoyin maganin a aljihun gaban rigarsa ta maƙale da fil. Baba Labbo ya je aka yi masa aski. Ya sa aka wasa wuƙarsa, ya gwada ta a gashin hannu, ya sake mayarwa aka ƙara wasawa. Shi kuwa Armiya'u agogon ya hana shi sakat, yana tsakiyar ɗinki sai ya ji ya girgiza yana yaba masa ƙoƙari.

Ranar tafiya su ne farkon zuwa tasha. Baba Labbo ya zauna jikin taga, tun da motar ta bar Kaura bai yi shiru ba. Kowane gari aka wuce ya san wani a cikinsa, kowace gona sai ya yanke mata hukunci, wannan an makara da noma, waccan taki ya yi mata kaɗan. A shingen sojoji ma ya leƙo ya gaya wa wanda ke duba su cewa gida zai je yankan gero. Sojan ya yi murmushi ya ce a yi masa tsaraba.

Suna sauka a Shinkafi, kasuwa ta cika maƙil, Baba Labbo ya tsaya cinikin tsire, wayar Armiya'u ta yi ƙara. Nusaiba ce. Sai a lokacin ya tuna maganar Sagir.

"Yaya Armiya'u, ina Baba? Wayata na nuna mini yana Shinkafi. Kuma tun shekaranjiya zuciyarsa ta koma kamar ta saurayi, har na yi sadaka."

Kalmar sadakar ce ta hana shi yi mata ƙarya. Ya gaya mata gaskiya, agogon a hannunsa yake, Baba kuma ga shi nan tsaye. Ya miƙa wa tsohon wayar. Baba Labbo ya goge hannu a riga, ya koma gefen wata rumfa, ya bar ta ta yi faɗanta da kukanta har ta gama.

"Kin gama, uwata? To ji nawa. Na san ba ni da lahiya, na riga agogon sani. Amma ciwona ne. Ni ya kamata in hwaɗa miki da bakina, in zaɓi ranar, in zaɓi kalmomin. Sai ga wata yarinya da ban san sunan ubanta ba ta riga ni. Ta san barcina, ta san tashina, ni ko muryarta ban taɓa ji ba. Yanzu daji za mu shiga, ban son kowa ya san inda nike sai Allah sai ke. Ke ɗin ma ni zan kira ki in hwaɗa miki."

 Can Nusaiba ta tambaya ko ya taho da maganinsa. Ya buga aljihu ta ji ƙarar ƙwayoyin. Ta ce to, Allah ya tsare hanya, a gaishe da Baba Malami, kuma a ce wa Yaya Armiya'u ya kashe agogon. Armiya'u ya danne maɓallin har fuskar ta yi baƙi, ya jefa shi cikin jaka.

Kabu-kabu biyu suka ɗauka. Hanyar duk yashi ce da kwazazzabai, gero da dawa sun yi mata katanga hagu da dama, Baba Labbo na gaba, babbar rigarsa ta cika da iska, yana juyowa yana nuna wa Armiya'u abubuwa da ba ya jin sunansu saboda ƙarar babur. Kafin su shiga gari labari ya riga su. Mata suka yi guɗa ta kan danga, tsofaffi suka fito ba takalmi, Malami ya rungume yayansa. Rabin gidajen kangaye ne, na Baba Labbo ma rufin ya rufta, amma ko tsayawa dubawa bai yi ba. Ya kurɓi fura a tsaye ya ce a kai shi gona.

Geron ya fi yadda ya riƙa ba da labari. Ya shiga tsakiyarsa har ba a ganin ko hularsa, sai muryarsa da ake ji yana kiran Armiya'u ya zo ya ga wata zangarniya da ta kai tsawon kamu. Ya murje ta a tafi, ya hure, ya watsa a baki, ya cika wa Armiya'u hannu. Kafin rana ta faɗi ya hau tudun da ake samun sabis ya kira Nusaiba. Armiya'u na jin sa yana gaya mata ƙirjin ya yi masa nauyi a hanya, ya sha magani ya sake shi, sannan ya shiga ba ta labarin geron har katinsa ya ƙare.

Washegari da hantsi aka fara yanka. An hana shi aiki, ya ce dami ɗaya kawai zai ɗaure da hannunsa, kuma ya ɗaure shi tsaf, ya taka ya ja igiyar. Sai ya ce bari ya ɗan zauna. Ya jingina da gindin wata tsamiya yana kallon masu yanka, yana yi wa wani gyara daga nesa. Da Armiya'u ya kawo masa ruwa ya ga zufa ta jiƙe masa riga, leɓunansa na motsi. Ya durƙusa ya tallafe kansa, ya ji kalmar shahada ce yake yi, suka ƙarasa ta tare. Kafin Malami ya iso da gudu rai ya yi halinsa. Bayan Azahar aka rufe shi kusa da iyayensa.

A Kaura aka yi zaman makoki. Da jama'a suka ragu Nusaiba ta aika aka kira Armiya'u, ya shigo tsakar gida ya zauna bakin rijiya, ya ajiye mata agogon a gefen tabarma. Ya zo da shirin karɓar kowace irin magana, amma ba ta zarge shi ba. Ta ce ta kira kamfanin ta gaya musu rasuwar, ta roƙe su su goge abin da suka tara a kan mahaifinta. Sun yi mata ta'aziyya da ladabi, sun ce bayanan za su ci gaba da zama wurinsu kamar yadda ta amince tun farko. Ta ce duk daren da ya kasa barci yana can a ajiye wurin mutanen da ba su san fuskarsa ba, a wayarta ma akwai, amma na ranarsa ta ƙarshe ba ta da komai.

"Yaya, kai ka gani. Gaya mini tun daga tasha, kada ka tsallake komai."

Armiya'u ya gyara zama ya fara daga kujerar jikin taga. Da ya zo kan sojan da ya nemi tsaraba Nusaiba ta yi dariya, hawaye na zuba, ta ce ya ci gaba. Daga cikin ɗaki, Inna Gimbiya da ke takaba ta jawo tabarmarta kusa da labule.