Yabon Tsujimura-san

Ni na raba Lokendra da ɗakinsa a Kyoto, kuma da sunan taimako na yi. Gara in faɗa da bakina tun yanzu.

Lokendra ɗan Nepal ne, ajinmu ɗaya a makarantar koyon Japananci. Ni shekarata huɗu a garin, jarrabawar ƙarshe ce ta kayar da ni sau biyu na koma aji ina cin magani. Shi kuwa watansa tara, kullum haƙora a waje kamar mai tallar man goge baki. Yaya yake ce mini. Malamai kuma Bara-san suke kirana, don Balaraba ta fi ƙarfin harshensu. Wai a yarensu bara fure ce. Na ce to, Allah ya sa kada labari ya kai Funtuwa.

Kafin ya samu ɗakin nan, dillalan gidaje goma sha ɗaya ya zagaya. Kowanne sai ya dubi fasfo ɗinsa, ya ja iska ta haƙora, ya karkata kai ya ce akwai ɗan wuya. Da ƙyar ya samu ɗakin sama a gidan wata tsohuwa, Tsujimura-san, a lungun masaƙa. Shekararta saba'in da takwas, mijinta ya rasu, 'ya'ya suna Tokyo. Gidan katako ne, in ka yi tari a sama an ji a ƙasa. Minti goma ne a keke zuwa makaranta, minti biyar zuwa gidan abincin da yake wanke kwanuka. Yarjejeniyar shekara ɗaya ce, za ta ƙare a ƙarshen Maris, kuma sabuntawa tana hannun tsohuwa. In ta ƙi, sai ya koma wajen 'yan garinsu a bayan Osaka, mutum shida a ɗaki ɗaya, awa ɗaya da rabi a jirgin ƙasa.

Wata rana cikin Janairu, muna cin abincin rana a aji, ya fara yi mini burga wai mai gidansa ta mutu a kansa. Na ce ta yaya? Ya ce tun watan farko ta tare shi a ƙofa ta ce ƙamshin girkinsa yana kaiwa har ƙarshen lungu. Na ajiye cokali. Na ce sai ka yi me? Ya ce sai ya ƙara yaji, ya riƙa kai mata kwano guda duk Lahadi. Daga baya kuma ta ce yana da murya, tana jin waƙarsa tun daga banɗaki. Shi ne ya koma rera mata a tsakar gida in yana shanya. Sannan ta ce abokansa akwai kuzari, shi ne ya kwaso su su bakwai suka jeru a ƙofarta suna gaishe ta ɗaya bayan ɗaya.

Wallahi sai da shinkafa ta sarƙe ni. Na ce Loke, kai wane irin gaɓo ne? Nan Kyoto ne fa. In tsohuwar garin nan ta ce girkinka da ƙamshi, nufinta ka ishe ta da wari. In ta ce kana da murya, rufe mana baki take cewa. Kuzarin abokai kuwa, ai saura kaɗan ta kira 'yan sanda. Ni kaina maƙwabciyata ta taɓa yaba mini tsaftar wanki, na yi kwana uku ina jin daɗi kafin in gane ƙarar injin wankina ce take tashinta da asuba.

Bai yarda ba. Muka tare Hirota-sensei, malamar nahawu, ya zayyana mata komai. Ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa, ta ce ita dai 'yar garin Sendai ce, ba ta shiga maganar mutanen Kyoto, amma Bara-san ta daɗe a garin. Ai kuwa kaina ya kumbura. Lokendra kuma fuskarsa ta faɗi, har ya ba ni tausayi.

Daga ranar na zama malamarsa. Duk abin da tsohuwa ta ce sai ya rubuta a bayan littafin aji ya kawo mini in juya masa. Ta ce yana tashi da wuri, na ce takunka ne ya dame ta. Ta ce kekensa yana da kyau, na ce ka tare hanya, matsar da shi. Ya daina girki, ya koma cin dunƙulen shinkafa mai sanyi na kanti. Ya daina waƙa. Abokai ya hana su ko leƙo lungun. Matakala da safa yake hawa, a kan yatsu, kamar ɓarawo a gidan da yake biyan haya. Yaro ya rame, haƙoran nan duk suka koma ciki. Ni kuwa ina ta alfahari da ɗalibina.

A tsakiyar Fabrairu ta kira shi ɗakinta, abin da ba ta taɓa yi ba. Washegari ya zo aji da littafin a buɗe, ya karanta mini abin da ta ce kalma da kalma: "Ka daɗe a gidan nan. Kada ka je ko'ina. Gidan ya fi daɗi da kai a ciki."

"Yaya, wannan fa?" ya ce.

Ban ko yi tunani ba. Na ce ƙaramin yabo ƙaramin ƙorafi ne, wannan kuwa yabo uku ne a jere, babu kora da ta wuce wannan. Na ce ka tattara kayanka da mutuncinka tun kafin ta kai ga cewa kai kamar ɗanta ne.

Ni na zaɓar masa kwalin alawar da zai kai mata, ni na rubuta masa jawabin ban haƙuri da Japanancin girmamawa mai hawa uku, irin wanda ko Hirota-sensei sai ta duba littafi. Ya haddace a kwana biyu. Ya durƙusa gabanta, goshi a tabarma, ya gode mata da haƙurin da ta yi da warinsa da hayaniyarsa, ya ce zai tashi ƙarshen Maris kamar yadda take so. Na tambaye shi me ta ce. Ya ce ta daɗe tana kallon kwalin, sannan ta ce, "Haka ne?" Na ce ka gani ko, ko musu ba ta yi ba.

Ya tashi. Sati guda da komawarsa Osaka ya tsinci makullin gidan a aljihun rigar sanyinsa, ya roƙe ni in miƙa mata tunda hanyata ce. Ran Asabar da hantsi na je. Na same ta tana yayyafa ruwa a ƙofar gida, 'yar ƙaramar mace a sunkuye, tsaf-tsaf da ita. Na gaishe ta da duk ladabin da na mallaka, na miƙa makulli da hannu biyu. Ta karɓa, ta tambaya ko yana cin abinci a can. Na ce yana ci. Ta ce ya rame sosai kafin ya tafi, ta yi zaton rashin lafiya ne, ko an yi masa rasuwa a gida yana ɓoyewa.

Ni da bakina da ba ya zama wuri ɗaya, sai na ce a'a, lafiyarsa ƙalau, ya dai fahimci maganganunta ne daga baya. Har da ɗan murmushina na ce ni na fassara masa.

Ta ajiye bokitin. Ta dube ni sosai, karo na farko.

"Ke ce ashe," ta ce.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce gaskiya ne, watan farko warin ya dame ta, waƙar ma haka, kuma ta faɗa masa yadda ake faɗa. Sai ga kwano ran Lahadi. Shekara tara rabon da wani ya ƙwanƙwasa mata ƙofa da abinci mai zafi. Yajin yana hana ta sukuni kwana biyu, amma cinyewa take. Da gidan ya yi shiru cikin Janairu, ta rasa laifin da ta yi wa yaron. Ta yi sati uku tana shirya yadda za ta faɗa masa magana a miƙe, don ba ta saba ba, har gwadawa ta yi a gaban madubi.

"A gidan nan aka haife ni," ta ce. "Ban taɓa roƙon kowa ya zauna ba sai shi."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, har kunnuwana suna zafi. Na fara cewa zan kira shi yanzu-yanzu. Ta ce babu amfani, ɗanta ya ji ɗaki ya zama fanko ya zo ya ce ba za ta zauna ita kaɗai ba, za a sayar da gidan, cikin Mayu za ta koma Tokyo.

Ta zuge ƙofar katakon, ta shiga, ta juyo.

"Shigo ki sha shayi."

Na ɗaga ƙafa, sai na tsaya. Shekara huɗu a garin nan, ga Japananci cike da kaina, na kasa sanin ko shiga ake so in yi ko in ɓace mata da gani. Ina tsaye da takalmi ɗaya a cire, tana kallona, tana jira.

"Ke ma?" ta ce.

Ta ja ƙofar a hankali ta rufe.