Teburi Mai Kujera Ɗaya

A gidan da muke haya a gefen titin Wendover, nan Amurka, taga ɗaya ce ke kallon waje, kuma nan nake wuni. 'Yata Martha ma'aikaciyar jinya ce. Ƙarfe shida na safe take fita, ba ta dawowa sai rana ta faɗi. Tsakanin fitarta da dawowarta akwai ni, da firij mai gurnani, da wani kurege mai guntuwar wutsiya wanda ke binne abincinsa a tukunyar furen maƙwabciyarmu, ya dawo ya rasa inda ya sa. Duk Talata wani mutum yakan zo goye da inji, ya hure busassun ganyaye daga wannan gefe zuwa wancan. Kashegari iska ta mayar da su. Na daɗe ina son in tambaye shi ko ya sani, amma kunnuwansa a toshe suke.

Wata Lahadi bayan mun taso daga coci, Martha ta zauna gabana da kwamfuta a cinya.

"Baba, jiya na ji kana magana da firij."

"Shi ya fara."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce ta yi waya da ƙanena a Kagoro. Idan Kirsimeti ta zo ban sami abin da zai riƙa fitar da ni daga ɗakin nan ba, za ta yanka mini tikiti in koma gida, in zauna cikin mutane. Mutanen da take nufi yawancinsu suna kwance a bayan coci, har da uwarta. Ita kaɗai ta rage mini, kuma jin ƙarar mabuɗinta a ƙofa da yamma ya ishe ni. Ban faɗa mata haka ba. Na ce to.

Ranar Asabar muka je cefane shagon Mourtala, wani mutumin Maraɗi mai sayar da nama da gero da manja, mai jefa Faransanci cikin magana. Tun daga bakin ƙofa ya ɗaga murya.

"Saje Malachy! Zo ka gani, gwamnati ta tuna da ku."

Ya jira Martha ta shiga layin tumatir, sannan ya zaro wata takarda daga ƙarƙashin sikeli.

"Bon, ga abin da ta ce. 'Yan majalisar jiha za su zo ranar Alhamis su karrama tsofaffin sojoji, a wani zaure cikin gari. Bayan jawabi kamfanoni za su ɗauki aiki. Tsohon soja ne a gaban layi."

"Tsohon sojan ina?"

"Ba su rubuta ba. Soja ai soja ne, patron. Ko naku na Najeriya ba a ƙirga shi, tunda fareti kaɗai kuka iya?"

"Ku da sojanku kaf ba su cika bas biyu ba."

"Amma bas ɗinmu na tashi," in ji shi, ya cusa mini takardar a aljihu. Na ce ya ƙara mini ƙullin sitacin rogo a cikin kayan.

Ranar Laraba na dama sitaci yadda muke yi a bariki, ba wannan na feshi ba mai ƙamshin fure. Na goge farar riga har wuyanta ya tsaya da kansa. Na fito da hular soja daga ƙasan akwati, da lambobin yabona biyu, da littafin sallama mai koren bango wanda aka rubuta shekara ashirin da biyu a ciki, har da ukun da na yi a Laberiya. Hular tana warin ƙwayar kafur. Na sa ta na tsaya gaban madubi, sai na ga kaina ya ƙanƙance a cikinta. Ban san kan mutum yana raguwa ba.

Ranar Alhamis bas ya sauke ni a babbar tasha, na taka ta titin Elm. Na wuce wata mata tana tura kare a keken jarirai, karen sanye da rigar sanyi. Da wata rana ce da na tsaya na ga inda za su.

Zauren cike yake da tutoci da tsofaffi masu huluna. Teburan kamfanoni sun jeru a jikin bango, dogayen teburan cin abinci a tsakiya. Wata 'yar majalisa mai furfura ta hau dandamali ta yi magana a kan dokar da suke so su kawo don sauƙaƙa wa tsohon soja samun aiki. Turancina na bariki ne, rabi na kama, rabi ya wuce. Amma da ta ce duk wanda ya taɓa sa kaki ya miƙe, wannan na ji shi sarai. Na miƙe. Aka yi ta tafi. A shekara ashirin da biyu ba a taɓa tafa mini ba, sai na rasa inda zan sa idona, na kafa shi a kan fankar da ke juyawa a sama. Wani da ke kusa ya kama hannuna ya ce sun gode da hidimata. Na ce ba komai.

Teburin farko na wani kamfanin masu gadi ne. Matar da ke wurin ta yi mini murmushi ta ce in ba ta di-di biyu-ɗaya-huɗu. Na ɗauka lambar ɗaki ce. Ashe sunan takardar sallamarsu ke nan. Na miƙa mata koren littafina. Ta buɗe shi da yatsu biyu a hankali, ta daɗe a kan hotona na saurayi.

"Yallaɓai, wannan sojan wace ƙasa ne?"

"Najeriya."

Ta ce ta yi haƙuri ƙwarai, jerin yau na waɗanda suka yi wa Amurka aiki ne. Ina iya cika fom ta intanet kamar kowa. Ta ba ni biro kyauta. Tebur na biyu suka ba ni jakar leda, na uku suka ba ni wata ƙwallo mai laushi da ake matsawa a hannu, ban san amfaninta ba. Daga nan ban ƙara zuwa wani ba.

Aka ce a zauna a ci abinci. Na duba dogayen teburan, kowa da mutanensa, kowace kujera da jaka ko hula a kanta. Can kusa da dandamali na hango wani ɗan ƙaramin teburi zagayayye, da farin ƙyalle, da kujera ɗaya tak. An ajiye jan fure ɗaya, da kyandir, da Littafi Mai Tsarki, da faranti, da kofin gilashi.

A gida ba a sa baƙo ya ci abinci cikin hayaniya. Akan ware masa wuri, a kai masa nasa, a ja masa ƙofa. Ko a bariki, idan wani ya zo daga wata bataliya haka muke yi. Sai zuciyata ta yi sanyi. Na ce ashe sun lura da hular da ba irin tasu ba. Aikin dai babu, amma mutanen nan sun san baƙo.

Na ja kujerar na zauna. Kofin gilashin a kife yake, na gyara shi, na zuba ruwa daga gorata, kaɗan ya zube a ƙyallen. A farantin babu komai sai yankan lemun tsami da ɗan gishiri a gefe. Na ce ko irin nasu buɗe bakin ke nan. A Monrobiya, can Laberiya, haka muke sha idan zazzaɓi ya taso. Na dangwala lemun a gishirin na kai baki.

Ƙarar cokula ce ta fara ɗaukewa, daga teburin kusa, ta bi zauren har ƙarshe. Na ɗaga kai. 'Yar majalisar tana tsaye da kofi a hannu, ba ta kai shi baki ba. Wani ƙato mai gemu ya miƙe, matarsa ta riƙe masa hannun riga.

Sai wani tsoho baƙar fata ya taho, yana dogara sanda, a hankali, kamar bai damu da ana jiransa ba. A ƙirjinsa an liƙa takarda mai suna Odell. Ya sunkuyo daidai kunnena.

"Ɗan'uwa, ba a zama a nan."

"Na wani babba ne?"

"Na waɗanda ba su dawo ba ne. Waɗanda aka kama, da waɗanda aka nema aka rasa. Kofin a kife yake don ba za su sha tare da mu ba. Gishirin hawayen iyalinsu ne." Ya dubi bakina. "Lemun kuma ɗacin abin da ya same su."

Na miƙe na ƙame, hannuwa a gefe. Lemun na cikin bakina. Ba dama in tofar, ba dama in mayar. Na haɗiye shi har ɓawon.

Odell ya kama gwiwar hannuna ya fitar da ni zuwa baranda, muka zauna a benci kusa da injin sayar da lemo. Cikin zaure cokula suka dawo aiki. Na ce ya yafe mini, ban sani ba. Sai ya zuba wa lambobina ido.

"Wannan ta ina ce?"

"Laberiya."

"Ka baro wani a can?"

Shekara talatin ba wanda ya yi mini wannan tambaya. Na ce akwai Kofur Simeon, mutumin Numan, mai yawan waƙa. Wata safiya ya ɗauki jarka biyu ya gangara kogi ɗebo mana ruwa. Muka jira har shayi ya huce a tukunya. Jarka ɗaya muka samu, cike, an ma rufe bakinta da kyau, tana tsaye a kan dutse. Abin da ya fi damuna ke nan har yau, wannan murfin. Aka rubuta ya ɓace. Ba mu yi masa teburi ba, ba mu san ana yi ba.

Odell ya jinjina kai. Can ya kai hannu ya taɓa wuyan rigata. Hannun yana karkarwa.

"Wa ya goge maka wannan?"

"Ni."

"Da me? Ai wannan zai yanka mutum."

"Sitacin rogo."

"Rogo," in ji shi, yana juya kalmar a baki. Ya ce shekara goma sha tara shi ke shirya teburin nan. Duk Alhamis ƙungiyarsu ta tsofaffin sojoji na cin abincin rana a zauren wata coci a unguwar Glenwood, kuma ba a fara ci sai an shirya shi. Bara ya ƙona ƙyalle biyu, bana ya fasa kofi. Samarin ƙungiyar, wato 'yan shekara sittin, tsoma ƙyallen suke a injin wanki su shimfiɗa shi haka a yamutse.

"Babu albashi," ya ce. "Akwai gahawa, ita ma ba daɗi."

"Ba ni da di-di."

"Ni na ce maka kamfani ne?" Ya dafa sanda ya miƙe. "Amma lemun ba naka ba ne. Ka ci abinci kafin ka zo."

Da taro ya watse Odell ya naɗe ƙyallen da kansa, da jiƙon ruwana a jiki, ya saka mini a jakar ledar da aka ba ni kyauta.

Martha ta tarar da ƙyallen a jiƙe cikin baho.

"Baba, wannan kuma na wane ne? Ina ka je da hular soja?"

Na ba ta labari, na tsallake wurin lemun.

"To sun ɗauke ka aiki?"

"Ranar Alhamis ƙarfe goma ana jira na. Bas biyu zan hau."

"Kwana ɗaya a mako ke nan fa."

"Laraba wanki da guga. Biyu."

Ta tsaya a bakin ƙofar banɗaki, ba ta ko cire takalmin aiki ba. Ta dubi bahon, ta dube ni. Sannan ta je ta rufe kwamfutar da ke buɗe a kan teburi tun Lahadi.

"Bari mu gani zuwa Ista," ta ce.

Yanzu mako na shida ke nan. 'Yan ƙungiyar ba su cika yi mini magana ba, hirarsu ta wurare ce da ban sani ba, kuma idan suka yi dariya nakan makara. Odell ma wani lokaci barci yake ɗauke shi kafin a kawo abinci. Nakan iso da wuri, lokacin da zauren babu kowa sai ƙarar bututun ɗumama ɗaki. In shimfiɗa ƙyallen, in ja kusurwoyinsa su daidaita, in yanka lemun, in zuba gishiri da yatsu uku. Kofin in kife shi. Idan na zo tura kujerar nakan ce, "Kofur, ga wuri," a hankali, da Hausa.

Sauran kwana biyar ina bakin taga. Ganyayen sun ƙare, mai inji ya daina zuwa, ban kuwa samu na tambaye shi ba. Kuregen yana nan yana tono.