Baƙon da Ya Tsaya Tambaya

"Hannu a cinya," in ji Manaja. "Baki kuma a rufe."

Auta ta janye hannunta daga madannan kwamfuta. Dokar ɗakin gwaji ke nan: wanda ya yi rubutu ba ya magana. Aikinta shi ne rubuta bayanin kayan aiki, wato ta faɗa wa na'ura mai ƙirƙirarriyar basira abin da kowane maɓalli na tsarin asibiti yake yi. A ofis Baƙo suke kiran na'urar, don kullum sabuwa take zuwa, ba ta san kowa ba, ba ta san komai ba sai abin da aka rubuta mata. In Baƙo ya yi aiki daidai, rubutu ya ci. In ya yi ɓarna, a karɓe aikin asibitin daga hannun Auta a ba Dogo, wanda ke zaune kusa da taga yana kaɗa ƙafa.

"Kada ki damu, ƙanwata," in ji Dogo. "In na gaje ki zan riƙa gaishe ki."

"Allah ya ba ka haƙurin jira."

"Na ce a rufe," in ji Manaja.

Auta ce ta tsara gwajin: wata tsohuwa mai ciwon zuciya tana so a ɗage mata ranar ganin likita. Ba ta gaya wa kowa ba, amma shekarun Mamanta ta sa, da magungunanta.

Rubutu ya fara gudu a babban allo. Baƙo ya nemo tsohuwar, ya duba ranakun likita, ya ga gurbi. Auta tana gane kalmominta a cikin kowane takunsa. Inda ta rubuta a tabbatar da ranar haihuwa, ya tabbatar. Inda ta ce kada a taɓa bayanan magani, ya kewaye su kamar mai tsallake kwata. Shekarun da ta yi tana karatu a wata ƙasa, da waɗanda ta yi bayan dawowarta, ba ta taɓa samun wanda ya karanta ta haka ba, har waƙafi.

Sai ya tsaya.

"Bayanin ya ce wannan maɓalli yana sake rana," ya rubuta. "Bai faɗa ba ko yana sakin tsohuwar ranar kafin ya kama sabuwar. Idan haka ne, kuma wani ya riga mu, matar nan za ta rasa duka biyun. Mai ciwon zuciya ce. Ba zan danna ba sai an faɗa mini."

Dogo ya daina kaɗa ƙafa.

Sakin tsohuwar ranar maɓallin yake fara yi. Kowa a ofis ya san haka, shi ya sa kowa yake riƙe sabon gurbi da wani maɓalli tukuna. Sun san shi kamar yadda suka san sai an ɗaga ƙofar banɗaki take rufuwa. Ba wanda ya taɓa faɗa, ita ma ba ta rubuta ba. Baƙo, abin da ba shi da uwa, ya leƙa ramin da ta bari, ya hango tsohuwa a ciki.

"Ikon Allah," in ji Dogo a hankali. "Ashe baƙon yana ganin gari."

Manaja ya sosa ƙeya. "To, ɓarna dai bai yi ba. Doka ta ce ɓarna. Ina ganin ya wuce."

"Ranka ya daɗe, in yi magana?" in ji Auta.

"Gwaji ya ƙare."

"Wannan ya tambaya. Na gobe ba lallai ya tambaya ba. Rubutun bai ci ba."

"Kin san abin da kike cewa?"

"Na sani."

Ya dube ta, ya dubi Dogo, ya ɗaga kafaɗa. Dogo bai yi dariya ba. Da za ta fita, ya ce, "Zo ki nuna mini sauran ramukan, don Allah. Ni ma nan na tsufa, ba na ganinsu."

A bas ta zauna ta bakin taga, fayil ɗin da ba nata ba yanzu yana ta yawo a kanta.

Ta tarar da Mama a tsakar gida, ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura a kan matashi.

"Auta, kin dawo? Miƙo mini abin nan a wajen nan."

Hannunta har ya nufi saman firji, inda kwalbar ƙwayoyin yamma take kusa da ta safe, iri ɗaya, murfi ɗaya. Ta tsaya.

"Wanne, Mama?"

Mama ta ɗago kai ta ƙare mata kallo.

"Yau kuma? A gidan nan aka haife ki, ko baƙuwa aka aiko mini?"